Bindiga a Gida: Tana Korar Ɓarawo? Kuma Yaya Ake Ajiye Ta?

A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara, zamanin Bello Matawalle, ta ce duk wanda ya cancanta ya nemi lasisin riƙe bindiga don ya kare kansa, har ta yi alƙawarin raba fom 500 ga kowace ɗaya daga masarautun jihar 19. Kafin nan, a 2021, Aminu Bello Masari ya yi irin wannan kira ga mutanen Katsina. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, bai ɓata lokaci ba ya ce gwamna ba shi da hurumin sa a ba da lasisin makami. Maganar dai ba ta mutu ba. A majalisa, a tasha, a ƙofar masallaci bayan isha'i, har gobe za ka ji wani na cewa da kowa na da bindiga da ɓarayin nan sun shiga taitayinsu.

Wanda aka kore wa shanu ko aka ɗauke wa iyali, in ya faɗi haka ba za ka ga laifinsa ba. Sai dai ranar da bindiga za ta yi wa mai ita rana ɗaya ce, mai yiwuwa ta zo, mai yiwuwa har ya mutu ba ta zo ba. Sauran ranakun kuwa tana nan cikin gida tare da yara, da baƙi, da ɓacin rai, da mantuwa. Maigida ba shi da iko a kan waccan rana ɗaya. A kan sauran ranakun yana da cikakken iko, kuma su ne wannan jagora ta fi tsayawa a kansu.

Mataki na farko: auna abin da bindigar za ta iya yi maka

Ƙasar da aka fi yin bincike a kan wannan tambaya ita ce Amurka, don nan ne bindiga ta fi mutane yawa. Ƙididdigar cibiyar Small Arms Survey ta 2017 ta nuna akwai bindigogi kusan miliyan 393 a hannun farar hula a can, wato 120 ga kowane mutum 100. A Najeriya, a ƙididdigar guda, kusan miliyan 6 ne, wajen 3 ga mutum 100.

Masu cewa bindiga na rage laifi suna da hujjojinsu. A 1995 wasu masana biyu, Gary Kleck da Marc Gertz, suka yi tambayoyi ta waya suka ƙiyasta cewa Amurkawa na kare kansu da bindiga sau miliyan 2 da rabi a shekara, galibi ba tare da an harba ba, nuna ta kawai ake yi ɓarawo ya ranta a na kare. Amma ƙididdigar gwamnati da ake yi ta hanyar tambayar waɗanda aka yi wa laifi ba ta wuce 100,000 a shekara ba. Tazarar ta yi yawa, kuma har yau ana jayayya a kanta. A ƙarshen shekarun 1990 masanin tattalin arziki John Lott ya ce jihohin da suka sauƙaƙa izinin yawo da bindiga laifi ya ragu a cikinsu. Kwamitin masana na ƙasar Amurka ya bi alƙaluman a 2004 ya ce ba su isa a yanke wannan hukunci ba. A 2019 John Donohue na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa, da suka samu ƙarin shekaru na alƙaluma, suka gano akasin haka: bayan shekara goma da sassauta dokar, laifukan zub da jini sun fi yadda za su kasance da kashi 13 zuwa 15 cikin 100.

Akwai kuma wani gari da ake yawan kafa misali da shi, Kennesaw a jihar Jojiya, wanda a 1982 ya wajabta wa kowane maigida ya mallaki bindiga. Magoya bayan dokar suka ce fasa gidaje ya ragu ƙwarai. Waɗanda suka jera alƙaluman shekarun kafin dokar da na bayanta ba su ga wani canji na a-zo-a-gani ba, ga shi garin ƙarami ne a lokacin, ɓarayi biyu in sun ƙaura sai lissafi ya sauya.

Inda bincike ya fi haɗuwa wuri guda shi ne abin da ke faruwa a cikin gida. A 1993 likita Arthur Kellermann ya gano cewa gidan da ke da bindiga haɗarin a kashe wani a cikinsa ya kusa ninka uku, kuma mafi yawan masu kisan ba baƙi ba ne, na gida ne ko na kusa. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu su suka harbe kansu.

Wani zai ce Amurka ba Zamfara ba ce, kuma gaskiya ya faɗa. Can in ka buga waya 'yan sanda na zuwa. A ƙauyen da ke bakin daji kuwa sai a kwana ana ɓarin wuta ba wanda ya leƙo. Amma bambancin yana yanka ta ɓangare biyu. Bindigar da farar hula zai iya riƙewa bisa doka galibi harsashi ɗaya ko biyu take ɗauka, masu zuwa kuwa gomomi ne bisa babura da AK-47. Bindigar farar hular tana iya firgita ɓarawon akuya ko mai haura katanga. Ba ta tare gungun 'yan ta'adda, sau da yawa ma labarin cewa gidan wane akwai bindiga shi ke sa a fara da shi, don ita kanta bindigar kayan sata ce mai tsada. Garuruwan da suka iya kora hari galibi ba da bindigar mutum ɗaya suka yi ba, sai da sintiri na haɗin gwiwa, da labarin sirri, da hannun jami'an tsaro. Ko wannan ma yana da nasa tsadar. A 'Yar Galadima, ƙaramar hukumar Maru, a Afrilun 2014, taron 'yan banga aka auka wa aka kashe mutum fiye da 100. Kuma duk wanda ya bi tarihin rikicin Zamfara ya san yadda kisan gillar da ake zargin 'yan sa-kai da yi ya ƙara wa wutar ramuwar gayya fetur. Wannan na cikin dalilan da suka sa Katsina a 2023 da Zamfara a 2024 suka kafa rundunonin tsaron al'umma na hukuma masu horo da albashi, maimakon kowa ya zama sojan kansa.

Ra'ayina shi ne: mazaunin birni da ke tunanin sayen bindiga don tsoron ɓarawo, ƙofa mai ƙarfi da fitila a waje da kare da maƙwabta masu ɗaga waya sun fi masa amfani. Mafarauci, da manomin da ke korar birai da gyado, da wanda ya riga ya mallake ta bisa ƙa'ida, su kuma sauran matakan nasu ne.

Mataki na biyu: doka

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne ga farar hula sai da izinin Shugaban Ƙasa: bindigogin yaƙi, masu sarrafa kansu, da ƙananan bindigogin hannu. Kashi na biyu su ne irin na farauta, mai baki ɗaya da mai baki biyu, kuma lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku su ne na gargajiya da ake ɗurawa ta baki, bindigar toka da 'yan'uwanta, maganarsu na hannun kwamishinan 'yan sandan jiha tare da gwamna. Wadda ake jan hannunta gaba da baya ta ɗura harsashi da kanta, ko da a kasuwa ana kiranta ta farauta, 'yan sanda sun sa ta cikin jerin haramtattu a lokacin da suka yi shelar tattara makamai a 2018.

Ba a ba ɗan ƙasa da shekara 17 lasisi, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka taɓa hukuntawa kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. A Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, saboda haka kafin ka fitar da ko sisi, je hedkwatar 'yan sandan jiharka ka ji halin da ake ciki daga bakinsu, ba daga bakin dillali ba. Riƙe haramtacciyar bindiga ɗaurin shekara goma ne mafi ƙaranci, kuma "gwamna ne ya ce mu saya" ba ta fid da kowa a gaban alƙali. Lasisi na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya: ba a ara wa ƙane, ba a bar wa maigadi. Mai karatu a Nijar ko Gana ko Kamaru, dokar ƙasarsa daban ce, sai ya tambayi hukumar wurinsa.

Mataki na uku: ƙirga mutanen gidanka

Kafin a yi maganar akwati da kwaɗo, zauna ka lissafa duk wanda ke shiga ɗakinka. A gidan Bahaushe jerin yana da tsawo: uwargida da amarya, 'ya'yanka, 'ya'yan riƙo, yaran maƙwabta da ke shigowa kallo, almajirin da ke share ɗaki, ƙanenka da ya zo hutu, mai gyaran fanka. Sannan ka yi wa kanka tambayoyin da ba su da daɗi. Akwai saurayin da ya fara shaye-shaye? Akwai wanda ya shiga damuwa, ya daina ci, ya daina magana, ko ya taɓa cewa gara ya mutu ya huta? Akwai dattijon da ya fara rikicewa? Kai kanka, in ranka ya ɓaci, kana jifa da abin da ke hannunka? Binciken da Jacquelyn Campbell ta jagoranta a Amurka a 2003 ya nuna cewa matar da mijinta ke dukanta, in yana da bindiga, haɗarin ya kashe ta ya ninka kusan sau biyar. In amsar ɗaya daga waɗannan tambayoyi "e" ce, babu kwaɗon da ya kai fitar da bindigar daga gidan, kuma za mu zo kan yadda ake yi.

Kada ka dogara da cewa yaranka ba su san inda take ba. A wani bincike na 2006 a karkarar jihar Alabama, an tambayi iyaye daban, 'ya'yansu daban. Cikin iyayen da suka rantse yaransu ba su san maɓoyar bindiga ba, kusan 4 cikin 10 yaran sun ƙaryata su. A wani gwajin na 2001 aka bar yara maza 'yan shekara 8 zuwa 12 a ɗaki da aka ɓoye bindigar gaske wadda aka kashe ta yadda ba za ta tashi ba. Yawancin waɗanda suka gano ta sun ɗauka, kusan rabinsu sun ja kunamar, kuma galibinsu an taɓa yi musu faɗa a kan kada su taɓa bindiga. Bayan ƙyaure, ƙarƙashin katifa, saman sif, cikin rumbu, cikin silin: duk inda ka zaɓa, yaron da ke neman ƙwallonsa ko kuɗin da ka ɓoye ya riga ka zuwa.

Mataki na huɗu: sauke ta, ka tabbata ta sauku

A yi wannan a waje, kafin a shigo gida, bakin bindigar na kallon ƙasa mai taushi ko tulin yashi, yatsa nesa da kunama. Kada a nufi bangon ɗaki da ita, harsashi na ratsa bulo da langa-langa, kuma ba ka san wanda ke kwance a bayansu ba.

Mai baki ɗaya ko biyu: karya ta, zare harsashin, ka duba ramin da idonka har ka ga haske ya ratsa, sannan ka sa yatsa ka taɓa. Ido na yaudara da magariba. In irin mai rumbun harsashi ce, a fara cire rumbun ko a zazzage shi, sannan a buɗe a fitar da wanda ya riga ya hau. Wanda ya yi akasin haka ya fitar da ɗaya ya ɗora wani bai sani ba, kuma yawancin "wallahi na ɗauka babu komai a ciki" daga nan suke.

Bindigar toka ta fi wuyar sha'ani, domin ba a ganin cikinta, kuma mafarauta da yawa sun saba dawowa da ita a ɗure su jingine. Ga dabarar da ke raba gardama. Ranar da ka tabbata babu komai a cikinta, zura sandar ɗurin har ta taɓa ƙasa, ka yi mata alama da wuƙa daidai bakin bindigar. Daga ranar, duk lokacin da ka zura sandar ka ga alamar ta tsaya sama da baki da yatsa biyu ko uku, akwai ɗuri a ciki. Lokacin zurawa fuska da ƙirji su kauce daga saitin baki, a riƙe sandar da gefen yatsu, ba a dafe kanta da tafin hannu ba. In da ɗuri, a sauke shi a daji ta hanyar harba shi cikin tudun ƙasa kafin a kamo hanyar gida. Cire 'yar ƙwayar da ke tayar da wutar kaɗai bai wadatar ba, don albarushin na nan, kuma wani na iya zuwa ya ƙara ɗuri a kan na farko, bindigar ta fashe masa a hannu. In ka ja kunama ba ta tashi ba, ci gaba da saita ta inda take na tsawon minti guda ko fiye, domin albarushin da ya sha laima yakan yi jinkiri ya tashi daga baya. Ba a leƙa bakinta, ba a hura ta da baki. Tsohon ɗurin da ya ƙi fita aikin maƙeri mai izini ne.

Mataki na biyar: akwati

Bincike mafi amfani ga maigida shi ne wanda David Grossman da abokansa suka fitar a 2005. Sun duba abu huɗu: a ajiye bindiga a sauke, a kulle ta, a kulle harsashi, a raba wurin ajiyarsu. Kowane ɗaya daga cikinsu ya rage haɗarin yaro ya harbi kansa ko ya yi harbin kuskure, kulle bindigar da sauke ta kowanne da kusan kashi 70 cikin 100. Ƙasashen da mutuwa ta bindiga ta yi ƙaranci a kan wannan suka dage. A Birtaniya ɗan sanda na zuwa gida ya ga akwatin kafin a ba da lasisi. A Japan akwati biyu ake buƙata, na bindiga da na harsashi, kuma sai an nuna wa 'yan sanda inda suke. Dokar Najeriya ma ta ɗora wa mai lasisi alhakin tsare makaminsa.

Ba sai ka sayi na ƙasar waje ba, mai walda nagari zai yi maka. Ƙarfen kada kaurinsa ya gaza milimita 2, shi ne ma'aunin da Birtaniya ke amfani da shi. Maƙalan ƙofar su kasance daga ciki, yadda ba za a doke su da guduma a zare ba. In doguwar ƙofa ce a sa makulli biyu, sama da ƙasa, don kada a sa ƙarfe a banƙare kusurwa. In kwaɗo za a sa, a yi masa rumfar ƙarfe da za ta hana zarto da almakashin ƙarfe kai masa. Ba dole ba ne mai waldar ya san abin da za a zuba a ciki, ba shi tsawo da faɗi kawai.

Akwatin da ba a kafe ba, ɓarawo biyu za su sungume shi su buɗe a gidansu. A ɗaure shi da manyan kusoshi masu noti daga ciki, a jikin bangon siminti da kuma daɓe. Bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa, saboda haka a gidan ƙasa sai a haƙa rami a kusurwar ɗaki, a zuba kankare da ƙarafan da za a ɗaure akwatin a kansu. A zaɓi kusurwar da ba a hangowa daga taga ko ƙofa, a ɗakin maigida, ba zaure ko shago ko ɗakin baƙi ba, kuma nesa da kicin.

Wanda bai samu halin akwati ba tukuna, ya yi abin da zai iya yau. Mai karyewa ana iya raba ta gida biyu ko uku a kulle kowane ɓangare a wuri daban. Ana kuma iya zura wayar ƙarfe mai kwaɗo, irin ta ɗaure keke, ta cikin ramin a kulle, muddin tana ciki bindigar ba za ta rufu ba balle ta tashi. Kwaɗon da ake maƙalawa a kunama kuwa ba a sa shi a bindigar da ke ɗure, garin sawa yana iya tayar da ita.

Mataki na shida: harsashi, albarushi da mabuɗi

Harsashi a nasa ƙaramin akwati mai nasa makulli, a wani wuri dabam, in da hali a wani ɗaki. Ka san adadinsu, ka rubuta, ka riƙa ƙirgawa. In ɗaya ya ɓata kada ka ce ƙila lissafinka ne, bincika. Bayan dawowa daga daji a zazzage aljihu da jaka, don harsashin da aka manta a aljihun riga yakan ƙare a hannun mai wanki ko a bakin jariri, ko cikin sharar da za a ƙona. Kada a gauraya masu girma daban-daban: ƙaramin harsashi mai lamba 20 yana iya zurmawa cikin bindiga mai lamba 12 ya maƙale a tsakiya, a ɗora na daidai a bayansa, bututun ya tarwatse.

Albarushi kaɗan ake ajiyewa, a busasshen wuri mai sanyi, cikin akwatin katako, ba kwalba ba, ba kuma gwangwanin ƙarfe mai matsattsen murfi ba, don in ya kama a cikin irin wannan bam ya zama. Ya yi nesa da murhu, da janareta, da jarkar fetur, da maganin sauro na kunnawa, da kaskon turaren wuta.

Mabuɗi shi ne inda yawancin masu akwati ke faɗuwa. An kashe kuɗi an yi akwati, sannan a rataye mabuɗin a ƙusa bayan ƙofa, ko a haɗa shi da na mota da ake ba yaro ya je ya ɗauko kaya. Mabuɗin ya zauna a jikinka, shi kaɗai, ba cikin tarin sauran ba. In mai lambobi ne, ban da shekarar haihuwarka da ƙarshen lambar wayarka, kuma kada ka buɗe a gaban yara, idonsu ya fi naka kaifi.

Mataki na bakwai: to in ɓarawo ya zo cikin dare fa?

Wannan ita ce hujjar duk mai kwana da bindiga a ɗure a gefen gado, kuma ba hujjar banza ba ce: bindigar da ke kulle ba ta fitowa cikin daƙiƙa biyu. Amsar ita ce a sayi lokaci ta wata hanya. Kare mai haushi, ƙofar ƙarfe mai sakata, fitilar sola a tsakar gida da bayan katanga, usur, da lambobin maƙwabta da na 'yan sintiri a saman wayarka, su ne ke ba ka minti biyu ko uku, waɗanda sun isa ka tattara iyali ɗaki guda, ka kira taimako, ka buɗe akwatin in ta kama. Gwada buɗe shi a cikin duhu, bindigar a sauke, har hannunka ya saba.

Wannan ɗan jinkiri kansa kariya ne. Ka ɗauka ƙarfe biyun dare ne, an ɗauke wuta, ka ji dirar mutum daga katanga, ka ga inuwa ta nufi ɗakin samari a sanɗa. Mai bindiga a gefen gado, da barci a idonsa, ya riga ya harba. Wanda sai ya lalubi mabuɗi ya farka sosai, ya haska tocila, ya ce "Wane ne nan?", ya ji muryar ɗansa da ya daɗe a gidan kallon ƙwallo yana tsoron buga ƙofa. Ba a harbin motsi, ba a harbin inuwa, ba a harbi ta bayan ƙofa. Harbin iska don tsoratarwa ko don murnar biki shi ma ba wasa ba ne, abin da ya hau sama sai ya sauko a kan wani.

Mataki na takwas: iyali

Matar gida ta san akwai bindiga, ta san inda take, ta san abin da za ta yi in ta ga akwatin a buɗe. Yara a koya musu abu huɗu: tsaya, kada ka taɓa, bar wurin, gaya wa babba. A maimaita, amma a tuna gwajin da aka ambata a sama, faɗa ƙari ne a kan kwaɗo, ba madadinsa ba. A Amurka hukunci ya fara hawa kan iyaye: a 2024 kotu a jihar Mishigan ta ɗaure uwa da uban yaron da ya kashe ɗalibai huɗu a makarantar Oxford a 2021, shekara 10 zuwa 15 kowannensu, saboda sun saya masa bindiga ba su kulle ta ba.

Manya ma suna buƙatar tunatarwa. Bukhari da Muslim sun ruwaito Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa, ya kuma umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu. Saboda haka ba a fito da ita don baƙo ya gani, ba a ɗaukar hoto da ita a sa a Facebook ko TikTok. Wanda ya yi haka ya aika wa ɓarawo da ɗan sanda goron gayyata lokaci guda.

Mataki na tara: kulawa da takardu

Damina na kawo tsatsa, hunturu na kawo ƙura. Duk wata a fito da ita, a tabbata a sauke take, a goge, a shafa mai kaɗan. Man bindiga ya fi, in babu man keken ɗinki na yi. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su yi danƙo. Kada a ajiye ta cikin leda ko jiƙaƙƙen buhu, a jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu cikin kwalin takalmi a akwatin. Kafin fita da ita a leƙa bututun daga baya, bayan an karya ta, don zanzaro na son gina ɗakinsa a ciki, kuma toshewar laka kaɗan ta isa ta fasa bututu.

Rubuta lambar da ke jikinta da ƙirarta, ka ɗauki hoton lasisin, ka ajiye su ba cikin akwatin ba. Ka riƙa sabunta lasisi kan lokaci. In an sace ta ko ta ɓata, doka ta ba da kwana 14 a sanar da hukumar da ta ba da lasisin, amma ka je a ranar, ka karɓi shaidar rahoto a rubuce, domin duk ɓarnar da aka yi da ita kafin nan sunanka za a fara nema.

Mataki na goma: lokacin fitar da ita daga gida

Akwai lokutan da akwati ba ya isa, musamman in mai mabuɗin ne abin ya shafa: rikicin aure ya yi zafi, rigimar gado ko ta gona, karayar arziki, rasuwar da ta girgiza mutum, ko wani a gidan ya fara maganar kashe kansa. Irin wannan tunani sau da yawa guguwa ce mai wucewa cikin mintoci ko awoyi, kuma mafi yawan waɗanda suka tsira ba sa komawa, amma bindiga ba ta ba da dama ta biyu, kusan 9 cikin 10 da suka gwada da ita sun mutu. Rundunar sojan Isra'ila a 2006 ta hana sojojinta tafiya gida da bindiga a hutun ƙarshen mako, kashe kai a cikinsu ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. A irin wannan hali a kai ta ma'ajiyar makamai ta 'yan sanda, a sauke, a naɗe, tare da lasisin, a karɓi rasit mai ɗauke da lambarta, shi kuma mai damuwar a kai shi asibiti, kada a tsaya a kan "zai wuce". Haka in za a yi doguwar tafiya, aikin Hajji ko ci-rani, gara ta kwana can da a bar ta a gidan da babu mai lasisi.

In mai bindigar ya rasu, ba ta shiga rabon gado kai tsaye kamar agogo ko keke. Doka ta yarda magada su riƙe ta kwana 14 bayan rasuwar. A cikin kwanakin nan, tun ana zaman makoki gida cike da jama'a da yara, wani babba ya karɓi mabuɗin, a nemo wanda ya iya ya tabbatar a sauke take, a kai ta wurin 'yan sanda da lasisin mamacin. Wanda ta faɗo a rabonsa sai ya nemi nasa lasisin kafin ya karɓo ta, in bai samu ba a sayar wa mai izini ta hannun hukuma a raba kuɗin.